Muryar Bayan Takunkumi

Ranar da aka sake buɗe makarantu, abin da ya fara tarbarta a bakin ƙofa wata 'yar na'ura ce mai kama da bindigar yara, an saita mata ita a goshi.

"Malama, ɗan tsaya," in ji mai riƙe da ita.

Ta tsaya. Takunkumi ya rufe masa hanci da baki, idanunsa kawai take gani, jajaye kamar na wanda barci ya daɗe da yi wa ƙaura. Na'urar ta yi ƙara, ya duba, ya sake dubawa.

"Lafiya dai ko?" ta ce.

"Jikinki lafiya lau. Ni ne dai ban san abin da ya sa hannuna yake rawa ba."

Ba ta yi dariya ba. Rabonta da dariya tun ranar da annobar ta ɗauke mahaifinta. Ta wanke hannu ta wuce, amma kafin ta sha kwana sai da ta waiwaya.

Shi ne sabon nas da aka turo makarantar, yara kuma tun ranar suka raɗa masa Likita. Ita kuwa malamar lissafi ce ta aji biyar. A gida Auta ake ce mata, ita kaɗai ta rage tare da Mama.

Ta shiga aji. An rarraba kujerun nesa da juna, kusan rabinsu babu kowa. Waɗanda suka zo sun ƙara tsawo, muryar mazan ta buɗe, amma sun yi tsit kamar baƙi. Wata da watanni ta yi tana koyar da su ta waya, tana ta magana da baƙin allo. Wasu babu data, wasu wayar guda ce a gidan kuma uban ya fita da ita.

Ta rubuta tambaya mai sauƙi a allo, irin wadda 'yan aji uku ke amsawa a guje. Babu wanda ya ɗaga hannu. Har Monita, shugabar ajin, yarinyar da a da hannunta ba ya sauka, kanta na sunkuye.

Ana cikin haka motar asibiti ta wuce a titi tana jiniya. Monita ta miƙe zumbur, ta fizge takunkuminta, ta dafe ƙirji tana neman numfashi. A irin motar nan aka tafi da mahaifiyarta, ba ta dawo ba.

Auta ta tallabe ta har ɗakin shan magani. Likita ya durƙusa a gabanta.

"Kalle ni, ƙanwata. Ja numfashi tare da ni. A hankali, babu inda za mu."

Bai ba ta ko ƙwaya ɗaya ba. Ya zauna da ita har jikinta ya daina ɓari, barci ya ɗauke ta.

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, "yaran nan ba lissafi kaɗai suka manta ba. Sun manta yadda ake zama kusa da mutum ba tsoro."

"To ya za mu yi? Ga jarrabawa tana tahowa."

"Ki ba su lissafin, ni kuma in ba su kunne."

Haka suka fara zama da yaran a ɗakin karatu bayan an tashi, tagogi duk a buɗe. Ita takan koma da su baya, ta sake ɗora harsashin da ya rushe. In ta gama, shi kuma sai ya juya kujeru su yi da'ira, mai son magana ya yi, mai son kuka ya yi. Ranar hutu suna bin gidajen waɗanda ba su dawo ba. Wani sun same shi yana dako a kasuwa, ya ce in ya koma aji wa zai ciyar da ƙannensa. Wata ta leƙo ta taga ta ce kunya take ji, komai ya gudu daga kanta. A wani gida kuwa uban ne ya fito, ya daɗe yana kallonsu.

"Ashe ba ku ji ba? Ai yaron ya rasu. Ciwon ciki ne kawai, amma duk asibitin da muka je aka ce babu gado."

Suka yi masa ta'aziyya suka juyo. Sai da ta isa gida saƙonsa ya shigo.

"Na ga kin riƙe hawayenki saboda mahaifinsa. Yanzu ki sake su, ba rauni ba ne. Ki ci abinci don Allah."

Ta amsa: "Kai wa yake ce maka ka ci abinci?"

"Babu. Gurbin a buɗe yake, in kina so."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta tsinci kanta tana murmushi, har ta ji kunyar kanta.

Sannu a hankali so ya kama. Yana kiranta Sanyin Idona, tana kiransa Mai Ma'auni, saboda na'urar auna zafin jiki da ya tare ta da ita. Ranar da ya fara sauke takunkumi a gabanta don ya sha ruwa, ta ce, "Ashe haka kake? Da na sani ban bari zuciyata ta yi nisa ba."

"Kin makara," ya ce. "Kayan da aka saya a rufe ba a mayarwa."

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Mataimakin shugaban makaranta ya daɗe yana nemanta, yana yawan zuwa gaishe da Mama, Mama kuma tana yaba hankalinsa. Kullum cewa yake zaman da'irar nan ɓata lokaci ne, jarrabawa ba ta san kuka ba.

Da magana ta yi ƙarfi, Auta ta ce wa Likita ya zo ya gaida Mama. Ranar aka yi ruwa, ya iso a jiƙe. Ya durƙusa a falo.

"Mama, ki yi haƙuri, ruwa ne ya tsare ni."

Carbin hannun Mama ya tsaya cak.

"Sake faɗa."

"Na ce ki yi haƙuri, Mama."

"Kafin makarantar nan, a ina kake aiki?"

"A cibiyar killace masu cutar."

Mama ta miƙe. "Kai ne. Ban taɓa ganin fuskarka ba, amma muryar nan ko a kabari zan gane ta. Na durƙusa maka a bakin ƙofa da furfurata, na ce ko ta taga ce ka bar ni in ga mijina. Ka ce, ki yi haƙuri Mama, doka ce. Har aka binne shi ban gan shi ba. Tashi ka fita mini daga gida."

Ya tashi ya fita cikin ruwan.

"In kika aure shi," Mama ta ce wa Auta, "kullum ya yi sallama a gidan nan sai na sake binne ubanki."

Labari bai ɓuya ba. Mataimaki ya tare ta a ofishin malamai, yana magana cikin tausasawa.

"Ke ma dai da sauƙin kai. Sunan mahaifinki na jikin naki, kina tsammanin bai gane ba? Tun farko ya sani. Tausayi ne ya kawo shi, yana wanke zuciyarsa da ke."

Maganar ta shige ta kamar ƙaya. Saƙonnin Likita suka yi ta shigowa.

"Sanyin Idona, wallahi ban sani ba. Mutanen da na tsayar a ƙofar nan ba sa ƙirguwa."

"Ko zagina ne ki yi, amma ki ce wani abu."

Amsa ɗaya ta tura: "Ba na bukatar tausayi. Ka bar ni da mahaifiyata."

Bayan nan Mataimaki ya sa aka kulle ɗakin karatu da zarar an tashi. Auta ba ta yi musu ba. Ta koma shiga aji ta rubuta ta goge ta fita. Yaran da suka fara buɗe baki suka sake yin shiru, wasu suka sake ɗauke ƙafa. Wata rana Monita ta biyo ta har bakin ƙofa.

"Malama, ke ma tafiya za ki yi ki bar mu?"

Ta kau da kai ta wuce. A gida ta daina cin abincin kirki, ta rame har wuyanta ya fito. Mama tana gani, tana kuma ganin wayar na haske ana kifewa.

"Yaron nan bai daina ba ko?" ta ce wata rana. "Ɗauko mini mayafina. Da bakina zan ce masa ya nemi canjin wurin aiki."

Auta ta bi ta. Sun iso an tashi. A barandar ɗakin shan magani suka hango shi zaune a ƙasa, 'yan yara kaɗan kewaye da shi. Ashe da aka kulle ɗakin karatu nan ya dawo da su. Shi ma ya zabge. Monita ce ke magana, ba ta ga shigowarsu ba.

"Ni ba mutuwar mahaifiyata ce ta fi ci mini rai ba. Ban san yadda ta cika ba. Ko tana jin ƙishirwa, ko ta kira ni babu wanda ya amsa. In na buɗe littafi, abin da nake gani ke nan."

Mama ta tsaya. Maganar da ta zo da ita ta maƙale. Ta laluba benci ta zauna. Likita ya ɗago ya gan su, ya sallami yaran, Monita kaɗai ta rage a gefe tana share ido.

"Kana ciki lokacin da ya cika?" Mama ta tambaya, muryarta a dishe.

"Mama, ki kwatanta mini shi. Sun yi yawa, kuma da lambar gado muka fi saninsu."

Auta ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji. Ashe da gaske bai sani ba.

"Dogo ne, siriri. Tabaransa ya karye a gefe, ya ɗaure da zare, ya ƙi a sake masa wani."

Likita ya runtse ido. "Baba mai tabarau. Gadonsa na kusa da taga." Ya buɗe ido ya dubi Mama. "Bai cika shi kaɗai ba, Mama. Hannunsa na cikin nawa. Na ba shi ruwa ya sha, ya yi kalmar shahada da bakinsa. Kafin jikin ya yi tsanani kullum zancenki yake. Ya ce, matata akwai taurin kai, in ba a tsaya a kanta ba ba ta shan maganin hawan jini, in kun gan ta ku ce na ce ta sha. Na bar saƙon a ofis. Ban san ko ya iso ba."

"Bai iso ba," in ji Mama.

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Auta ta rungume ta suna yi tare. Da ta ɗan lafa, Mama ta miƙa wa Monita hannu.

"Zo nan, 'yata. Ta kira ki. Babu uwar da za ta tafi ba ta kira 'yarta ba."

Yarinyar ta faɗa jikinta.

Mama ba ta ce ta amince ba a ranar. Da za ta tafi dai ta dube shi ta ce, "Kai ma ka ɗauki kaya, yaro. Allah ya sauke maka."

Da yamma Auta ta rubuta masa: "Mai Ma'auni, na zalunce ka. Na saurari wanda bai kamata ba, na ƙi sauraronka. Ka yafe mini."

Amsa ta zo nan take: "Na yafe tun kafin ki tambaya. Amma yaranmu suna bin ki lissafi, gobe ki zo da alli."

Washegari ta shiga ofishin shugaban makaranta da kanta, ta faɗi abin da rufe ɗakin karatu ya jawo. Aka ba ta makulli a hannunta. Mataimaki bai ƙara zuwa gaishe da Mama ba.

Ba duka yaran suka dawo ba. Mai dako bai dawo ba, duk da sun yi ta sintiri. Wadda ke jin kunya ta dawo, ta zauna a baya, ta faɗi jarrabawa, ta ce za ta sake. Monita ta haye da ƙyar, ta zo da sakamakon tana kuka tana dariya.

Sai da aka gama jarrabawar Mama ta kira ƙanin mijinta ta ce ya karɓi manyan yaron. Aka ɗaura aure ba taro mai yawa, 'yan uwa kaɗan da 'yan aji biyar da suka nace sai sun zo.

Da za a tafi da amarya, su biyun suka durƙusa a gaban Mama. Ta dafa kan Auta, ta daɗe, sannan ta ɗora ɗaya hannun a kansa.

"Ga ta nan, ɗana. Ita kaɗai ta rage mini a ɗaka, na ba ka. Yadda ka riƙe hannun ubanta, Allah ya ba ka masu riƙe naka. Yadda kuka tsaya wa 'ya'yan mutane, Allah ya tsaya wa naku. Ku tashi ku je, Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Mama," suka ce tare.