Ranar da Vukota Ya Ce Ba Zai Yiwu Ba

"Zorka, don Allah ki kai shi. Ni za ki yi wa wannan alfarmar..."

Radosh ne ke magana a bakin rumfata, ni kuma ina shanya rigunan roba na shiga ruwa, na ƙi ɗago kai. Saura wata biyu bikinmu, ga shi muna faɗa a kan mahaifinsa.

"Ba zan kai shi ba."

"Kin dai ji abin da ya ce."

"Na ji mana, ai a gabana ya faɗa."

Shekarata tara ina yi wa mutane jagora cikin kwazazzabon Nevidio, inda kogin Komarnica ya tsaga dutse ya shige. Idan ka yi tsallen farko ka faɗa gurbin nan mai sanyin ƙanƙara, to babu komawa baya, sai dai ka ci gaba da iyo da hawa da dira har awa huɗu. Shi ya sa muke da takarda mai mataki uku, kowa ya zaɓi tafiyar da ta yi daidai da ƙarfinsa. Baƙi na waje sukan faɗi gaskiya. Amma mazanmu na Montenegro? Ko da sanda mutum ya dogaro, mataki na uku zai dangwala, ya ce "mozhe", wato zai yiwu. Gara su nitse da su ce ba za su iya ba.

Don haka ni ban yarda da takarda ba. Matakala tamanin da bakwai ce daga wurin ajiye motoci zuwa rumfata. Sai in tsaya a sama kamar ina naɗe igiya, alhali numfashin mai hawowa nake saurare. Baki yana ƙarya, huhu ba ya yi. Mahaifina ne ya koya min wannan, shi da yake kirana "sine", wato ɗana, kamar yadda iyaye a nan ke kiran 'yar da ta shiga ransu. Tun da muka binne shi ba wanda ya sake kirana haka.

Ran Lahadin da ta wuce Baba Vukota, mahaifin Radosh, ya hawo tare da ƙannensa biyu. Sau uku yana tsayawa, wai igiyar takalminsa ce ta kwance. Ga haki, ga leɓe ya yi fari, kuma Radosh ya taɓa gaya min a asirce cewa an yi wa tsohon aikin zuciya bara. Ya karɓi takarda ya dangwala mataki na uku. Na ce masa a'a, akwai ƙaramin rafi mai sauƙi da nake kai iyalai, can ya dace da shi.

Ƙannen suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya ajiye biron a hankali, ya ce yarinyar da ta haɗa shi da yara tun ba ta shiga gidansa ba, to ba za ta shiga ba. Ya juya ya sauka, bai tsaya ko sau ɗaya ba, don taurin kai.

Yanzu ga ɗansa yana roƙona, idonsa jawur.

"Rabin raina, ba ki gane ba. Shekara sittin yana kiwon tumaki a saman kwazazzabon nan, yana jin ƙarar ruwan a ƙarƙashin ƙafarsa, bai taɓa ganin cikinsa ba. Tun da ya fito daga asibiti ba shi da wata magana."

Sunan wurin ma ai abin da yake nufi ke nan: Nevidio, bai gani ba.

"Radosh, ina son ka fiye da yadda kake zato. Amma gara ya ƙi ni yana raye da in fito maka da gawarsa a kan igiya."

Ya juya ya sauka. Na ƙirga takunsa har na daina ji, sannan na zauna kan tulin hulunan kwano na yi kuka mai isata.

Kwana tara ba kira, ba saƙo. A cikinsu ne na gano laifina. Hukuncina daidai ne, amma wurin faɗinsa ne ban iya ba. Wa ke ce wa dattijon dutse ba zai iya ba a gaban ƙannensa? Ni da aka haifa a nan, wallahi na ji kunyar kaina.

Na ɗauki kwalbar zuma na sami Baba Vukota a makiyaya. Na ba shi haƙuri a kan yadda na yi maganar, na kuma gaya masa maganar kanta tana nan ba ta canja ba. Sai dai akwai wata tafiya da ba ta cikin takarda: daga gadar da ke mashigar kwazazzabon zuwa bakin tsallen farko, ruwa iya ƙugu, ni da shi kaɗai, ba ɗan kallo. Ko zumar bai kalla ba.

Washegari da safe na ji numfashi a matakala. Na san shi. Wannan karon da ya tsaya hutawa, bai taɓa takalminsa ba.

Na sa masa riga da hula, na ɗaura igiya a ƙugunsa, muka shiga. Duwatsun suka yi ta matsowa har sama ta koma siririya kamar zare. Muka isa bakin tsallen. Ruwan kore shar yana zuba cikin duhu, ƙararsa ta cika ko'ina. Baba Vukota ya daɗe yana kallo, ya shafa bangon dutsen kamar mai shafa bayan rago. Sai na ga ya matsa gaba taku ɗaya. Na ƙara damƙe igiyar.

"Mozhe?" ya tambaye ni, bai waiwayo ba.

"Baba, kar ka saurare ni. Saurari ƙirjinka."

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya rufe ido. Da ya buɗe, hawaye ne a gemunsa.

"Ba zai yiwu ba," ya ce a hankali. "Amma na gani. Ya isa."

Muka juya. Daga nesa na hango Radosh a kan gada, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ashe tun safe yana bin bayan tsohon. Ina ƙoƙarin haɗiye kukana sai na ji hannu mai kaushi ya kama nawa.

"Riƙe ni da kyau, sine. Duwatsun nan da santsi, kuma ina so in yi rawa a bikinku."