Rawar Hannun Mai Aski

Tana cikin goge wa mijinta rigar aiki yayarta ta faɗo ɗakin ko sallama babu, ta zaɓi kujerar da ta fi laushi ta baje. Mijin, mai aski, ya kawo wa Yaya ruwa, kofin yana ta karkarwa a hannunsa, leɓensa kuma yana motsi shi kaɗai kamar mai tsotsar alawa.

Yana fita Yaya ta taɓe baki, ta kwaikwayi leɓen nasa.

"Wannan ne mijin? Wa zai ba mai rawar hannu kansa da reza? Kin iya zaɓe, ƙanwata."

"Maganin ne, Yaya. Shi ya raba shi da muryoyin da yake ji, shi ne kuma ya kawo rawar."

"Maganin mahaukata dai. Ki tattara ki dawo gida tun kina da sauran mutunci."

Wai Yaya ce mai ba da shawara, ita da ko sannu ba ta taɓa yi wa mara lafiya ba sai in da 'yan kallo.

Ashe yana bayan ƙofa, ya ji komai. A hankali hannun ya daina rawa, kwastomomi suka dawo shago, Yaya ta shiga yawo tana cewa addu'arta ce ta ci. Matar kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya.

Wata safiya ta kai masa abinci, ta tarar ya lulluɓe madubin shago da tawul, ya raɓe a lungu.

"Yi magana a hankali," ya ce. "Suna ciki, suna jin mu."

A akwatin reza ta ga ƙwayoyin a zube, ko ɗaya bai sha ba. Hawaye ya ƙwace mata.

"Haba maigida, me ya kai ka?"

"Na gaji da ana yi miki dariya a kaina."

"Ni na ce maka na gaji? Hannunka na aura?"

Ta riƙo shi sai asibiti. Likita ya yi faɗa, ya ce da tun farko sun kawo ƙorafin rawar da an duba. Ya sauya magani. Watanni suka shuɗe kafin mai aski ya dawo daidai. Yaya ko leƙe ba ta yi ba, saƙo kawai ta aiko: "Ba na faɗa ba?"

Rawar ta ragu, ba ta tafi duka ba, amma shago ya buɗe, ya koma yi wa matarsa barkwanci. Ranar da Yaya ta sake zuwa, a gabanta matar ta ɓare ƙwaya ta miƙa masa, ya haɗiye.

"Yaya, in kallonsa na damun ki, ƙofa a buɗe take."

Duk wanda magani ya dama, wurin likita zai koma. Masu taɓe baki ba sa zuwa jinya.