Labulen da Na Rataya a Azara

Ranar kasuwar Tsanyawa na sayo labulen, ruwan goro mai furanni, ban iso gida ba sai da rana ta yi ja. Sau uku ina kafa ƙusa a bangon ɗakina, sau uku jar ƙasa na tofo min ita. Ni kuwa na gaji da duk wanda ya leƙo sai ya ga gadona. Na taɓa gani a waya matan birni na rataya labule tun daga sama har ƙasa. Na ce su da me suka fi ni?

Na kwantar da Humaira, 'yata mai wata biyar, a kan gado. Na mirgino turmi na taka, na zura igiya a tsakanin azara.

Inna Kulu, uwar mijina, ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Aina'u, sauko," ta ce ƙasa-ƙasa. "Giginyar da aka fasa aka yi azarar nan tana da masu ita, kuma da su aka shigo da ita. Sama tasu, ƙasa tamu. Shekara arba'in ba a taɓa haɗa sama da ƙasa a ɗakin nan ba, ko da zare."

"To, Inna," na ce, irin "to" ɗin da ake sallamar tsofaffi da shi. Tana juya baya na ƙulle igiyata. Labule ya zubo har yana shafar daɓe, ya rufe gadon ruf. Wallahi ya yi kyau.

Aka kira magariba, na fita alwala.

Da na dawo, ƙanshi ne ya tare ni a ƙofa. Ƙanshin nunanniyar giginya, mai hawa kai. Alhali ko giginya ɗaya ba ta rage a garinmu ba. Sai na ji ƙarar busasshen ganye, kwaram, kwaram, a saman kaina.

Babu iska, amma labulen na motsi.

Can sama, daf da azara, wani abu mai girman tulu ya kumburo a bayansa. Yana saukowa. Ya yi taƙi ɗaya, ya tsaya. Igiya na kuka da nauyinsa.

Humaira na bayan labulen. Na ji ta ƙyalƙyale da dariya.

Ko a'uzu ta gagare ni.

"Wata biyar muna jin kukanta," wata murya ta raɗa. "Yau mu za mu rarrashe ta."

Saura kamu ɗaya ya kai gadon.

Ban san lokacin da na cakumi labulen ba. Na saki duk nauyina a kansa. Igiya ta tsinke, ɗas! Wani abu mai sanyi ya gogi hannuna ya yi sama, ƙasar rufi ta zubo min a ido.

Na suri 'yata na yi waje, na zube a gaban dardumar Inna.

Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dai karɓi yarinyar ta tofe ta da addu'a. Washegari mijina Sha'aban ya kwaɓa ƙasa ya toshe ƙofar ɗakin.

Yanzu Humaira shekararta uku, lafiyarta ƙalau, ga ladabi, kowa na yabo. Ni ce kullum gabana ke faɗuwa. Duk ɗakin da muka shiga, kafin ta gaida masu gida, sai ta ɗaga kai sama, ta durƙusa, ta ce, "Ina wuni?"

Sannan ta yi shiru tana jin amsa.