Gidan da Aka Auna da Hannun Sariah

Ranar da Ridzuan ya fara shiga shagon Pak Daud a ƙauyenmu, ƙusa ya zo saye. Sai ya yi ido huɗu da Sariah, 'yar mai shagon, ya fita ya bar canjinsa. Sau biyar ya dawo a satin nan, kullum ƙusa ɗaya.

"Abang, wai ƙusar nan ci kake yi?" ta tambaye shi. Abang, wato yaya, haka mace ke kiran namiji a nan.

"Gida zan gina. Katako zai samu, ma'auni ne babu."

Ta sunkuyar da kai, don ta gane. Mu nan, matar da za ta zauna a gida ita ke buɗe hannuwa, a yanki igiya daidai buɗin, da ita kafinta zai auna tsakanin ginshiƙai. Wata biyu ba su cika ba ta yanko masa igiyar da kanta.

Da Ridzuan ya nemi aurenta kuwa, Pak Daud ya ce ina! "Ɗaki ɗaya a kan ginshiƙai shida, a bakin gonar shinkafa? Ba kicin, ba baranda? Kajina ma sun fi haka sarari. Ka gama gida tukuna."

Ridzuan ya hau tudu yankan katako, inda waya ba ta kamawa. Ana nan sai ga Norlela, 'yar mai injin katako, doguwa kamar bishiyar kwakwa, wadda ta daɗe tana son Ridzuan. Ta zo shagon sayen sukari tana matsa kafaɗa.

"Wash! Ashe awon gida da wuya. Babana ya ba Abang Ridzuan katako, aka sake awo da hannuna. Wai na farkon ya yi gajarta."

Sariah ta auna mata sukari, har da gyara. Norlela na fita, Sariah ta ɗauki waya ta tura wa Ridzuan saƙo.

"Abang, Allah ya sanya alheri. Ranar ɗaga ginshiƙi zan zo taya ka murna, murnar da jikokinka za su ji labarinta."

Sai bayan kwana huɗu amsa ta shigo: "Sanyin idona, ki zo da wuri. Na yi kewarki. Ki yafa koren gyalen nan."

Ai sai wuta ta ƙara ruruwa. Ta ɗauko addar babanta, kwana uku tana wasa ta. Ta rantse sai ta sare ƙyallen albarka da kwakwar da ake ɗaurawa a kan babban ginshiƙi, a gaban kowa, gidan ya zama abin nuni.

"Ke, kifi za ki yanka ko bauna?" in ji uwarta.

"Katako, Mak."

Ranar ɗaga ginshiƙi da hantsi mazan ƙauye suka tsai da ginshiƙai. Sariah ta iso da jan gyale, adda a ƙarƙashin faranti. Amma ta fi son jama'a su fara ganin cin amanar da idonsu.

"Kowa ya tsaya ya shaida!"

Ta kafa yatsa a babban ginshiƙi, ta buɗe hannuwa. Ɗaya. Biyu. A na uku yatsanta ya sauka a ginshiƙi na gaba cif, ko gashi ba zai ratsa ba. Ta juyo a hankali wajen Norlela, wadda take kira Kak Lela, wato Yaya Lela.

"Kak Lela, zo mana. Ai kafaɗarki ta saba."

Norlela ta ce ta bar tukunya a wuta, amma mata suka turo ta. Biyu da rabi ta yi, hannu ya wuce ginshiƙi yana lilo. Tsohon kafinta ya yi dariya har guduma ta faɗi.

Ridzuan ya sauko daga kan katako. "Addar ta mece ce, sanyin idona?"

"Kwakwa zan fasa maka."

"Allah ya sa," ya ce, ya karɓe ta da hannu biyu.

Pak Daud, da ya biyo sawun addarsa, ya tsaya yana duban wasu ramuka da aka sassaƙa a jikin ginshiƙan.

"Waɗannan fa?"

"Nan kicin zai kama bayan girbi, Ayah," in ji Ridzuan, ya kira shi baba ke nan. "Nan baranda, inda za ka sha shayi. Wancan ɗakin jikoki ne."

Tsoho ya zura yatsa a rami ɗaya. Can ya yi gyaran murya. "Kada barandar ta kalli yamma. Idona ba ya son rana."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka zaunar da ango da amarya a kujerar ado, aka tambayi Sariah wa zai yi mata fifita.

"Kak Lela. Hannunta ya fi na kowa tsawo, iskar za ta kai har wajen Abang."

Awa uku baiwar Allah tana tsaye tana fifita, a wannan karon kafaɗar ta yi ciwon gaske. Su kuwa, Allah ya zaunar da su lafiya, ya cika musu ɗakuna da zuriya mai albarka.