Gawa a Kwalbatin Gidan Ɗinya

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Alhamis aka bugo wa Sufeto Dallatu waya cewa an tsamo gawa a magudanar ruwan noman rani ta Gidan Ɗinya, ƙauyen da ke shan ruwa daga madatsar ruwa ta Watari. Kafin ya isa, an kwantar da mamacin a gindin mangwaro, an lulluɓe shi da zane. Malam Sabiru ne, manomin tumatir, ɗan shekara hamsin da biyu. Shebur ɗinsa na nan a bakin kwalbati.

Malam Jamilu, wanda ƙungiyar manoman ƙauyen ta ɗora wa buɗe ƙofar ruwa, yana tsugune a gefe.

"Me ya shigar da shi ciki?" Sufeto ya tambaye shi.

"Yasa yake yi, ranka ya daɗe. Taɓo ya toshe kwalbatin, shi ne ya rarrafa ciki. Ni ina can sama, ƙarfe tara na buɗe ruwa."

"Alhamis kuke saki?"

"Asabar ne. Wannan makon aka matso da shi don gonaki sun bushe. Wallahi tun jiya da la'asar na sa sanarwa a shafinmu."

Ya miƙo wayarsa. Shafin ƙungiyar ne a intanet, inda manoma ke ajiye adireshin bidiyon koyar da noma da labarin farashin taki, kowa ya shiga ya duba. Sufeto ya yi ta jan allon da yatsa. Tallan maganin basir. Tallan caca. Hotunan mata. Alkawarin aiki a ƙasar waje. Sai da hannunsa ya gaji kafin ya iso ga sanarwar Malam Jamilu, layi biyu kacal, a can ƙarƙashin saƙonnin banza sama da ɗari uku.

Bayan jana'iza ya nemi ganin matar mamacin. Aishatu ta yi masa magana daga bayan labule, muryarta a dishe.

"Ya duba wayar da safe. Ina ba shi koko yana ta ja, yana tsaki. Ya ce, 'Shafin nan ya zama bola.' Ya ajiye ta ya ɗauki shebur. Wayar ga ta can a kan taga, ban iya taɓa ta ba."

Sufeto ya yi mata gaisuwa ya fito. Zai iya rubuta cewa hatsari ne ya rufe fayil, babu wanda zai ce masa don me. Amma Malam Jamilu ya ce wata biyar ke nan ba su ga talla ko ɗaya a shafin ba. Abin da ya hana shi sakat ke nan.

Washegari ya sami mai kula da shafin, Malama Safiyatu, malamar gona, a ɗan ofishin ƙungiyar. Idanunta sun kumbura.

"Na rufe shafin tun jiya da rana, babu mai iya shiga," in ji ta. "Yallaɓai, ni na kashe shi. Na tafi asibiti da mahaifiyata ranar Laraba, ban duba ba."

"Bari kuka tukuna. Yaya kike tare tallace-tallacen nan da?"

"Duk abin da aka turo sai na gani na amince kafin ya fito. Baƙo ba ya shiga sai wani ɗan ƙungiya ya tsaya masa. Wanda ya turo adireshi ɗaya sau biyu, in kore shi."

"To ta ina suka shigo?"

Ta buɗe inda shafin ke rubuta duk canjin da aka yi masa. Ta karanta, ta ɗago a firgice. Ranar Laraba, minti ashirin bayan sanarwar Malam Jamilu, an cire sharaɗin amincewa, an buɗe shafin ga kowa.

"Ba da sunana aka yi ba. Da sunan tsohon mai kula ne. Na manta ban cire shi ba."

"Wane ne?"

"Abdulhadi. Ƙanen mamacin. Shi ya kafa shafin shekara huɗu da suka wuce. Da talla ta fi ƙarfinsa, mutane suka yi ta ƙorafi, aka karɓa aka ba ni."

Ranar Asabar Sufeto ya koma gidan makoki tare da Malama Safiyatu, ya bar ta a mota. Abdulhadi na zaune kan tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Saurayi ne mai kimanin shekara talatin, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Tun rasuwar iyayensu a hannun Malam Sabiru ya tashi. Sufeto ya ja shi zuwa shagonsa da ke cikin zaure.

"Yaushe rabonka da shafin ƙungiya?"

"Tun da aka karɓe. Wayar ma an sace ta a kasuwar Shanono, wata biyu ke nan."

"Ka kai ƙara?"

"Ban kai ba."

"A ganinka laifin wa ne?"

"Ƙaddara ce, ranka ya daɗe. Amma da an manna sanarwar a sama, da Yaya ya gani. Layi biyu a ƙarƙashin tallan maganin basir, wa zai lura?"

Sufeto ya dube shi. "Ba ka da waya. An rufe shafin tun ranar Alhamis. A ina ka ga layi biyu ne?"

"A bakin mutane na ji."

Sufeto ya fito da wayarsa ya kira Malama Safiyatu, ya ce ta nemi shafin ya aika wa tsohon mai kula lambar shiga ta wayarsa. Daga waje ana jin muryar liman yana addu'a. Sai wata 'yar ƙara ta fito daga buhun masara da ke jingine a lungu.

Sufeto ya zura hannu cikin buhun, ya ciro waya a naɗe cikin leda.

Abdulhadi ya zube a ƙasa.

"Ban ga sanarwar ba," ya ce. "Wallahi ban gan ta ba sai bayan an tsamo shi. Ni kwana ɗaya kawai nake so. Na buɗe shafin, na kwafi adireshinsa na watsa a inda masu talla suke taruwa. Na ce idan gari ya waye suka ga shafin ya cika da ƙazanta, za su san Malama Safiyatu ma ba ta fi ni ba. A gaban kowa aka ce na gaza, Yallaɓai. Yaya ma hannu ya ɗaga da aka zo zaɓen cire ni. Ya ce mini, 'Ka yi haƙuri, aikin jama'a ne.' Ban sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba."

Ya kifa goshinsa a gwiwa. "Ranar Alhamis da safe ya leƙo nan ya ce in zo in tsaya masa a bakin kwalbati. Na ce kaina na ciwo."

Sufeto Dallatu ya shekara ashirin da uku yana aiki, ya kama ɓarayin shanu, ya kama masu kisa da gangan. Bai taɓa jin nauyin ankwa a aljihunsa kamar na ranar ba.

"Tashi mu je ofis. Ka rubuta duk abin da ka faɗa. Sauran na kotu ne."

Abdulhadi ya miƙo hannayensa biyu, sannan ya dubi ƙofa. "Don Allah, ba a gabansu ba. Aishatu ba ta sani ba tukuna."

Sufeto ya mayar da ankwar aljihu. Suka fito kafaɗa da kafaɗa, kamar mai gida ya rako baƙo. Dattawan da ke kan tabarma suka ɗago.

"Abdulhadi, ya ƙarin haƙuri?"

"Allah ya jiƙan Sabiru. Yanzu kai ne uban yaran nan, Allah ya ba ka ikon riƙe su."

Daga zaure zuwa mota bai fi taku arba'in ba. Abdulhadi ya buɗe baki zai ce amin, muryar ta ƙi fita. Sufeto ne ya amsa a madadinsa, ya buɗe masa ƙofar baya.