Galan Ɗin Baƙin Mai da Ya Ɓata a Injin Niƙa

Ranar Litinin da safe, cikin damunar 1989, Kubra da Emilia suka buɗe ɗakin injin niƙansu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, suka tarar babu galan ɗin baƙin mai. Sabo ne fil, na injin dizal, ranar Asabar suka ajiye shi don juyen man injin da za a yi. Ƙofa lafiya lau, ɗakin ba shi da taga, kwanon rufi kuma ba a taɓa shi ba.

Kafin Saje Kumai ya iso daga caji ofis, unguwa ta taru ta rabu biyu, kuma abin da ya tayar masa da hankali ke nan. Matan nan sun haɗa jari tun suna goyon 'ya'yan fari. Bayan rikicin addinin da aka yi a garin, dangin kowacce suka matsa mata ta janye hannunta. Suka ƙi. Don dai su rufe bakin dangi, sai suka sa wa ƙofar kwaɗo biyu, kowacce da makullinta. Yanzu ga shi kowane ɓangare na cewa ɗayar ce ta yanko makulli a ɓoye, har wani ƙanin Emilia ya fara zancen a sayar da injin a raba.

Kumai ya duba kwaɗunan, babu alamar an murɗa su. Ya fara da Kubra.

"Mama, ina kike ajiye naki?"

"A bakin zanena, Saje. Ba na kwance shi sai zan yi wanka ko zan kishingiɗa bayan azahar."

"Wa ya san haka?"

"Maigidana Malam kaɗai."

Ya juya wajen Emilia. Idonta ya yi ja, kuma ta ƙi kallon aminiyarta.

"Nawa yana cikin jug a kan kabad. Ran Lahadi na je sujada a coci, daga nan na wuce zumuntar mata. Sajen, Ubangiji ya sani ban taɓa man nan ba."

"Wa ya zauna a gida?"

"Baban Bernice. Ya ce kansa yana ciwo."

Jama'a suka kawo sunan Leonard direban tifa, tunda shi ne mai injin dizal a unguwar. Nan take aka wanke shi: tifarsa na kwance a Manchok tun Juma'a, shi ma yana can yana gadinta. Mai yankan makulli na bakin kasuwa kuwa ya ce rabonsa da irin waɗannan tun bara.

Kumai ya tsaya yana nazarin taron. Kowa na magana ban da mutum biyu, kuma su ne duk Kafanchan ta san ba sa rufe baki. Baba Martins, mijin Emilia, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ko gaisuwa ce sai ya kai ta Fatakwal ya dawo. Da Malam Ubaidullahi, mijin Kubra, mai sayar da yadi, wanda kullum la'asar suke musu da Martins a kan wasan draf har a raba su. Yau ana zargin matansu da sata, su kuwa sun tsaya nesa da juna, ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon takalminsa.

Sai Saje ya bi sahun Malam, shi ma ya kalli ƙasa. A gefen kwata ya ga ɗigon baƙin mai. Ya ɗan matsa, ga wani. Ya bi su a hankali, suka zagaya ta layin kasuwa, suka yi ɗan tafki a ƙofar gidan Malam, suka miƙe har gindin mangwaron gidan Baba Martins, inda tsohuwar Fijo 404 take. Unguwa ta daɗe da sa mata suna Gawa. Yau an lulluɓe ta da tabarmi, an kuma watsa yashi a ƙarƙashinta.

Kumai direba ne kafin ya sami igiyar saje, ya san kan mota. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon mai, ya murza tsakanin yatsu, ya sunsuna. Sannan ya aika a kira masa mutum huɗu kawai: matan biyu da mazajensu.

"Baba, yaushe rabon motar nan da juye?"

Martins ya gyara tsayuwa. "Ai ta daɗe. Mai ya yi tsada, yarona."

"Jiya ta fita?"

"Ɗan warming kawai, don inji ya yi ɗumi."

"Da ciwon kan?"

"Ya lafa."

"Malam, nuna mini hannunka."

Malam Ubaidullahi ya fito da hannayensa daga cikin riga kamar mai fito da kayan aro. Ƙarƙashin kowane farce baƙi ƙirin.

"Yadi ne ya zuba," in ji shi.

Kumai ya danne dariya. Yana son tsofaffin nan, amma aiki aiki ne.

"Bari in gaya muku yadda aka yi. Man da ke cikin motar nan baƙi ne, amma jikinsa sabo, santsinsa bai mutu ba. Man injin dizal yana da sinadarin wanki mai ƙarfi. Motar fetur irin wannan, wadda ta yi shekara da shekaru tana shan mai na araha, dauɗa ce ta daskare ta toshe mata duk inda gaskit ɗin da ke hana mai yoyo ya ci. Da aka zuba mata wannan aka zaga gari, sai ya wanke dauɗar, ya yi baƙi, ita kuma ta kama yoyo ta ko'ina. Ita ta kawo ni nan da kanta. Sannan ƙofa mai kwaɗo biyu, ba a fasa ba, ba a yanko makulli ba, dole gida biyu ne suka buɗe ta. Mama Emilia na coci, Mama Kubra na barcin rana. Saura su wa?"

Sai Martins ya nuna Malam.

"Shi ya kawo shawarar."

"Kai ka ce man da ke riƙe kan jirgi ba zai kasa riƙe Fijo ba!"

"Ai ya riƙe ta! Ba ka ji ƙararta ba jiya? Kamar sabuwa!"

Emilia ta dafe ƙirji. "Baban Bernice! Ba na ce ko kwabo kada a sake kashewa a kan gawan nan ba?"

"Shi ya sa ba mu tambaya ba," ya faɗa a hankali.

"To, don me?" in ji Kumai.

Malam ya sosa ƙeya. "Gwiwar Kubra ce, Saje. Duk sati sai sun hau bayan a-kori-kura zuwa Nok sayen citta. Wancan karon sai da Maman Bernice ta cicciɓo ta ta sauko da ita, ina kallo. Muka ce mu tayar da motar nan mu riƙa kai su. Mun yi niyyar mayar da wani kafin juye, ba mu san yau ne ba. Da muka ga taro, wallahi tsoro ya kama mu."

Kubra ba ta ko dubi mijinta ba. Emilia ta kalla, hawaye na bin fuskarta.

"Maman Bernice, ki yafe mini. Da safen nan zuciyata ta raya mini ke ce."

"Ni ma, Yaya Kubra. Ni ma na yi tunanin haka."

Suka riƙe hannun juna, suna kuka suna dariya. Kumai ya ji nauyin da ya taso da shi daga caji ofis ya sauka. Ya yi gyaran murya ya tambaya ko za su shigar da ƙara.

"Ƙara?" in ji Emilia, tana share ido da bakin zane. "Sajen, bar mana su. Je ka gaya wa ƙanina da sauran su koma gida, injin ba na sayarwa ba ne."

Kubra ta juya ga tsofaffin, waɗanda yanzu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

"Ku kuma ku nemo gaskit ku toshe ta. Ran Alhamis da sassafe za mu Nok, kuma mu biyu za mu zauna a gaba."