Rezistans Biyu a Furaj ɗin Tabla

Ƙarfe goma na safe ne, ranar bazara ta riga ta yi zafi, ko ganye ba ya motsi. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, kowa a Filinge yana son rediyonsa ya yi magana, don haka teburin Manzo mai gyaran rediyo ba ya rabo da mutane.

Yana cikin liƙa waya da dalma sai wata budurwa ta aje ɗan kwali a gabansa.

"Kai ne Manzo? An ce kana da mitar awon kuran."

Ya ɗaga kai, ya ɗan jima kafin ya tuna tambaya aka yi masa.

"Ina da ita. Mi ya lalace?"

Sunanta Dijatu, ɗiyar Magagi shugaban masu lambu na Tabla. Ta yi karatun kuran, wato wutar lantarki, a Yamai. Tankin furaj, wato rijiyar burtsatse da ke shayar da lambuna, yana bayan gari, kullum sai babanta ya hau tsani sau uku ya leƙa ruwa, ga gwiwa ta fara ba shi wahala. Shi ne ta haɗa wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa da ke auna ruwan, da ƴar rediyo kamar kwalin ashana da za ta aika labari ta iska zuwa ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, a gida. Irin ƴar rediyon uku wani malaminta ya kawo mata daga waje don furaj. Ɗaya ta mutu cikin kwana biyu.

Manzo ya ɗora mita, ya duba nan, ya duba can, ba gaggawa.

"Allon nan volt biyar gare shi. Ƴar rediyon uku da ɗigo uku take ɗauka."

"Na sani, malam. Uku da ɗigo uku na ciyar da ita."

"Kin ciyar da ita daidai. To wayar da allon ke mata magana fa? Ita ma biyar take kawowa. Tsawa ake mata cikin kunne har ta kurmance."

Dijatu ta dafe kai. "Shekara uku ina karatu a lakwal, a rumfar kasuwa za a ganar da ni!"

"Ni aji huɗu na yi," in ji shi. "Launin rezistans nake karantawa."

Ya ɓalle rezistans biyu daga wani mataccen rediyo, ƴan ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, masu rage ƙarfin wuta. Mai zanen ruwan ƙasa da baƙi da ja ya sa a kan wayar magana, mai ja da baƙi da ja ya ɗaura daga nan zuwa wayar ƙasa. Mita ta nuna uku da ɗigo uku. Ta nemi lambar wayarsa, wai ko da abin zai sake ciwo.

Abin bai yi ciwo ba, amma saƙo ya zo.

"Malam Sannu-sannu, tanki ya cika, Baba na zaune gida yana kallon lamba yana faɗa wai ƙarya ce. Ya hau ya duba, ya tarar lambar daidai take."

Manzo ya ɗauki lokaci yana neman haruffa.

"Madalla. Dijata, ni ma akwai abin da ya cika a nan, ba ni da mitar auna shi."

"Zo Tabla ranar Juma'a, ni zan auna."

Haka suka yi wata biyu. Da kawun Manzo ya je gaisuwa, Magagi ya karɓe shi da mutunci, ya kuma faɗi gaskiyarsa.

"Yaron ba ni da abin faɗi kan halinai. Amma ɗiyar nan gero na saida na kai ta lakwal. In ba da ita ga mai tonon matattun rediyo? Akwai Haruna, ɗan abokina, takarda gare shi."

Haruna ma'aikacin kuran ne a Yamai. Da ya zo hutu, Magagi ya ba shi makullin akwatin allon da ke saman tanki ya duba aikin. Bayan kwana uku lamba ta daina zuwa gida. Rediyo ta biyu ta mutu, saura ɗaya, kuma ba a sayar da irinta a ƙasar. Haruna ya ce ai dole, tunda an sa tarkacen kasuwa cikin kayan Turai.

Saƙon da Manzo ya samu gajere ne.

"Ta mutu. Baba ya ce kayanka ne. Ban san abin da zan ce masa ba. Kar ka zo Juma'a."

Ya karanta sau da yawa. Zafin bai zo masa daga maganar Magagi ba, daga "ban san abin da zan ce" ya zo. Ya yi tunani har la'asar, ya ga in ta ukun ta mutu, tsoho zai koma hawan tsani, shi kuma ya rasa Dijatu da laifin da bai san nasa ne ko ba nasa ba. Washegari ya sa mita a aljihu ya shiga motar Tabla.

Ya tarar da su gindin tanki, an sauko da akwatin, Haruna na shirin ɗaura rediyo ta ƙarshe.

"Ba ka taɓa shi," in ji Magagi.

"Ba ni taɓawa, Baba. Ku za ku riƙe mitar. In laifina ne, in koma ba ku sake ganina."

Tsohon ya karɓa yana harara. Manzo ya nuna masa inda zai ɗora jan tsinke da inda zai ɗora baƙi.

"Mi ta ce, Baba?"

"Biyar."

Dijatu ta leƙa cikin akwatin. "Ina rezistans ɗin? Haruna, ina suke?"

"Na cire su. Tsoffi ne, na ga sun ɓata aikin. Ciyarwar ai uku da ɗigo uku ce, na auna."

"Wayar magana fa?" in ji Dijatu.

Kunya ta kama Haruna.

"Ba kai kaɗai ba," in ji Manzo a hankali. "Kowa ciyarwa yake aunawa."

Magagi ya juya mitar a hannunsa. "Wato kamar a saki bakin tiyo kan dashen salati." Ya miƙa wa Manzo. "To, mai da su."

Dijatu ce ta riƙe masa allon yana liƙawa. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ka yafe mini, na yi shakkarka."

"Riƙe da kyau, Dijata."

Magagi bai amince ran nan ba. Ya bar damina ta wuce, yana duban lamba kowace safiya, ba ta taɓa yankewa ba. Sai bayan an kai gero rumbu ya aika wa kawun Manzo cewa a zo a yi magana.

An ɗaura aure a bazarar da aka mai da mulki ga farar hula. Magagi ya kama hannun Manzo ya ce, "Na ba ka ita. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ka bi da ita yadda kake bi da aikinka." Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa.

Ranar kasuwa ta gaba tsohon ya shigo Filinge da albasa. Ya biyo ta rumfar surukinsa, ya ga zanar rufi ta zame, rana na dukan Manzo a ƙeya, shi kuwa ya duƙufa kan wani rediyo. Magagi ya miƙa sandarsa ya jawo zanar har inuwa ta rufe teburin, ya wuce abinsa wajen masu albasa.